Takardar da ke jikin bangon ofishina

Ranar Juma'a, 1 ga Maris 2024, babu wanda ya yi cinikin kirki a layinmu. Kowa ya duƙufa kan waya yana jan jerin sunaye da ɗan yatsa, sai ka ce ɗalibai ne ke duba sakamakon jarrabawa. Babban Bankin Najeriya ne ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a tashi ɗaya, bisa dalilin cewa wasu ba su biya kuɗin sabuntawa ba, wasu ba sa aika rahoton cinikinsu, wasu kuma ba sa bin dokokin hana halasta kuɗin haram. Akawuna ya bi jerin daga sama har ƙasa, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, babu mu." Na ce ya sake bi. Ya sake, babu mu ɗin dai. Amma maƙwabcina da muka fi shekara goma muna shan shayi a buta ɗaya, sunan kamfaninsa na ciki. Bai yi ƙorafi ba. Washegari da hantsi ya fito kasuwa da jakarsa a hammata, ya saya, ya sayar, masu zuwa wurinsa suka zo kamar kullum. Har yau wannan abu na tsaya min a rai.

Ni kawuna ne ya kawo ni Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, a zamanin Abacha, lokacin da dala take naira 22 a takardar gwamnati, a hannunmu kuma ta haura 80. Sunan wurin ma daga harkar aikin Hajji ya samo asali, daga ƙungiyar jigilar alhazai da su Alhaji Mahmud Dantata suka kafa a Fagge tun Turawa na nan. Inda matafiyi ke taruwa, nan mai canji ke shimfiɗa tabarma. Shekara biyu na farko aikina ɗaukar saƙo ne da sayo abinci. Kawu ba ya barin yaro ya faɗi farashi sai hannunsa ya san takarda. Yakan miƙo min damin ɗari-ɗari ya ce in rufe ido in ƙirga, ya saka jabu guda a tsakiya bai faɗa min ba. Dala ta gaske tana da kaushi a wuyan rigar mutumin da ke jikinta, farce na ji. Jabu sumul take, ko kuma ta cika ƙarfi kamar kwali. Sau uku ina wuce ta, a na huɗu yatsana ya tsaya da kansa. Ya ce, "To, yau ka fara cin abincin canji."

Sauran darasin a bakin mutane na koye shi. Bamaraɗe in ya ce maka dala, ba ta Amurka yake nufi ba, tamma biyar ta sefa ce, jika kuma dubu guda. Wanda bai san wannan ba zai yi lissafin da zai sa shi kuka. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowace yuro ɗaya, riyal kuma a ɗaure da dala a kan 3.75, don haka in ka san farashin biyu ka san na duka huɗun, sai dai ɗan abin da lokacin Umara ko rufe iyaka ya ƙara. Ga kuma rigimar ire-iren takardar dala ɗari: ƙaramin kai da babban kai da shuɗiya, wadda ta fito a 2013. A Amurka duk kuɗi ne, ɗari ɗari ce. A nan kuwa tsohuwar takarda sai an rage mata daraja, domin wanda za ka sayar wa shi ma zai rage maka. Babban Banki ya sha yin gargaɗi a kan ƙin karɓar tsofaffin takardu, kuma gaskiyarsa ne, amma kasuwa tana da kunnen ƙashi.

Na yi rajistar kamfanina lokacin da jarin da ake nema naira miliyan 10 ne. Kawu bai so ba. A ganinsa, sana'ar da aka gada da amana ba ta buƙatar tambarin Abuja. Ni kuma na gaji da gudu duk lokacin da aka ce ga mota nan. An fara ba da lasisin canji tun 1989, amma yawancin dattawanmu suka ci gaba da zama a benci, kuma babu wanda ya taɓa rasa kwabonsa a hannunsu. Na kama ɗaki ɗaya a bene, na sa teburi, da akwatin ƙarfe, da na'urar ƙirga, da kwamfuta, na ɗauki yaro mai difloma ya riƙe littattafai. Ranar da takardar ta iso na kai ta aka yi mata gilashi, na rataye ta daidai inda mai shigowa zai fara gani.

A Yunin 2014, Godwin Emefiele na hawa kujerar gwamnan Babban Banki, aka mayar da jarin miliyan 35, daga baya kuma aka ce a ajiye wata miliyan 35 a Babban Banki a matsayin jingina. Na sayar da fili biyu, ƙanin mahaifiyata ya shigo da kaso. Muka haɗa. Dalilin da ya sa mutane suka yi ta fafutukar biya ba ɓoyayye ba ne: mai lasisi yana samun dala daga gwamnati duk mako a farashi mai sauƙi. A Janairun 2016 aka dakatar da wannan, aka mayar mana da kuɗin jinginar, daga baya aka dawo da rabon. A nan ne sana'ar ta lalace, kuma ba zan ɗora wa kowa ba sai mu. Akwai mutumin da ke da kamfani goma ko fiye, da sunan matarsa, da na direbansa, da na ƙaninsa da ke ƙauye bai taɓa ganin dala ba. Ofishinsa jaka ce. Ya karɓi rabon mako, ya cike fom da kwafin fasfon mutanen da ba su san an yi tafiya da sunansu ba, ya juye kuɗin a kasuwar bayan fage kafin la'asar. Da Emefiele ya tsaya ranar 27 ga Yuli 2021 ya ce an daina sayar mana da dala, an kuma daina ba da sabon lasisi, ya kawo lissafin dala 20,000 duk mako ga kamfanoni sama da 5,500. Na ji zafi, domin abincina ne. Amma da na shiga ɗaki na zauna ni kaɗai, na san ba ƙarya ya yi ba.

Mutane na zaton aikin ɗan canji ƙirga kuɗi ne. Rabin wunina takarda ce. Wata Hajiya ta zo kwanan baya za ta tafi Umara, tana son guzuri. Na nemi fasfo, biza, tikitin zuwa da dawowa, da lambar BVN. Ta zazzage su daga jaka tana mita. Da na ce mata kashi 25 cikin ɗari kaɗai zan iya ba ta a hannu, sauran sai a kati, sai ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan nan, ni da zan sayo wa jikoki tsaraba a kasuwar Madina, da kati zan yi ciniki?"

"Hajiya, katin yana aiki can. Doka ce, ba ni na kafa ta ba."

"To Allah ya ba dokar lafiya."

Ta tattara takardunta ta sauka. Ta taga na hango ta a ƙasan bene, wani yaro ya tare ta, cikin minti biyar ta ɗaure riyal a bakin gyale. Ba fasfo, ba fom, ba rasit. Ni da ke biyan haya da albashi da haraji da kuɗin mai binciken lissafi, ni na yi asarar ciniki. Dokar ta hana cinikin titi ƙarara, amma wanda ke titi ba shi da lasisin da za a ƙwace.

Duk da haka ba na cikin masu cewa takarda aikin banza ce. Ita ta taɓa fitar da ni. Wani ya kawo dala sama da dubu goma zai sayar, doka kuwa ta ce daga dubu goma sai mutum ya bayyana inda ya samo. Ya ce gida ya sayar. Na ce ya rubuta ya sa hannu, na ɗauki kwafin katinsa, na tura masa nairar ta asusunsa, tunda duk abin da ya wuce dala 500 ba a biyan sa da tsabar kuɗi. Bayan watanni aka zo bin sawun kuɗin. Akawu ya buɗe fayil, ga suna, ga rana, ga sa hannu, ga rahoton da muka aika a lokacinsa. Aka duba, aka yi min sallama. Da a benci aka yi wannan ciniki, da rantsuwa kaɗai zan kare kaina, ita kuwa ba ta shiga fayil. Da aka sa Najeriya a jerin ƙasashen da duniya ke sa wa ido kan safarar kuɗi a Fabrairun 2023, kafin a cire ta a 2025, tambayoyi suka ƙaru, kuma ban ga laifin hakan ba.

Akwai ma inda dokar ofis ta haɗu da abin da muka koya a zaure. Malamai sun ce musayar kuɗi da kuɗi sai hannu da hannu, ba a rabuwa da bashi a tsakani. Da taransifa ta shigo, sai muka fara sakaci: a miƙa dala, a ce alat na hanya. Yarona ya taɓa ba wani dala dubu biyu don ya nuna masa saƙo a waya. Saƙon ƙirƙira ne, ko sisi bai shiga ba. Ban kore shi ba, ni ma na taɓa wuce jabu sau uku. Amma daga ranar, ko surukina ne, sai mun ga kuɗi zaune a asusun kamfani kafin akwati ya buɗe.

Wani lokacin kuma a zo mana da abin da ba namu ba. Saurayi ya shigo da cak daga ƙasar waje, wai wani kamfani ne ya biya shi aikin da ya yi ta intanet, yana so in ba shi naira in riƙe takardar. Ɗan'uwansa ya gaya masa a Amurka akwai shaguna da aikinsu ke nan, su karɓi cak su cire la'adarsu su ba ka tsaba. Haka ne, kuma can jiha ce ke ba su lasisi, kowace da ƙa'idarta. Mu a nan ƙofa ɗaya ce, Babban Banki, kuma lasisina bai ba ni wannan ba, kamar yadda bai ba ni karɓar ajiya, ko ba da rance, ko taɓa zinariya da kuɗin kirifto ba. Na tura shi banki.

Sai ga Mayun 2024. A ƙarƙashin gwamnan Babban Banki Olayemi Cardoso aka fito da sabon tsari, aka raba mu gida biyu. Rukuni na ɗaya jarin naira biliyan 2, ya yi aiki a duk jihar da ya so. Rukuni na biyu miliyan 500, jiha ɗaya, rassa ba su wuce biyar ba. Kowa, har mu da muka tsira a watan Maris, sai ya sake neman lasisi daga farko. An ba da wata shida daga 3 ga Yuni, ƙungiyarmu ta ABCON da shugabanta Aminu Gwadabe suka yi ta kai gwauro suna kai mari, aka ƙara wa'adi zuwa 3 ga Yuni 2025.

A majalisarmu ta hira kowa cewa yake an ninka mana jari sau goma sha huɗu. Ni na ɗauki kalkuleta, tunda ita ce sana'ata. Miliyan 70 da muka tara a 2014, dala tana wajen naira 165, ta haura dala dubu ɗari huɗu. Miliyan 500 a kan naira 1,500 ba ta kai dala dubu ɗari uku da hamsin ba. In da dala za a auna, ba a ƙara mana komai ba, naira ce ta zube a ƙarƙashinmu. Da na faɗi haka, wani dattijo ya ce, "Kai dai ka cika son kare gwamnati." Ba kare ta nake ba. Inda nake da ja shi ne abin da jarin zai haifa. A Fabrairun 2024, da aka ɗan dawo da sayar mana, dala 20,000 aka ba kowa a kan naira 1,301, aka ce riba kada ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari. Naira 13 ke nan a kowace dala, jimla dubu ɗari biyu da sittin. Cire haya, cire man janareta, cire albashin mutum uku. Wanda ya mallaki miliyan 500 ya san hanyoyi ashirin da za ta fi haka haihuwa, ko a Dawanau ya zuba ta a riɗi. Ƙananan da ke son bin doka su ne za su sauko daga bene, kuma ba gida za su koma ba.

Mu bakwai muka yanke shawarar haɗa kai mu nemi rukuni na biyu. Kuɗin ba su ne suka fi wuya ba, ko da yake sai an nuna asalin kowace naira. Wuyar ita ce mutum bakwai, kowa ya saba shi ne maigida, kowa da abokan cinikinsa da yake ɓoyewa kamar kishiya. Zama huɗu muka yi kafin a yarda da wanda zai riƙe makullin akwati. A zama na biyar aka taso da maganar suna, ɗaya ya ce sai na mahaifinsa, tunda shi ya fi kawo kaso, wani ya tashi ya ɗauki takalminsa. Da ƙyar aka dawo da shi daga bakin ƙofa.

Kawu ya tsufa, ba ya fitowa kasuwa. Na je gaishe shi na ba shi labari, ya saurara har ƙarshe yana jan carbi. Ya ce, "Waccan takardar taka mai gilashi fa, ya za ka yi da ita?" Na ce tana nan a bango tukuna. Ya ce in na sauke ta in kawo masa gilashin, yana da hoton Hajjinsa na farko da ba a taɓa sa wa ba. Zama na shida Asabar mai zuwa ne, bayan Azahar, kuma lauya ya ce kowa ya zo da takardun bankinsa.