Digirina ne ya hana ni tallafin komawa makaranta a Ayilan

Sati uku da fara karatu wasiƙar ta zo. Ina tsaye a bakin ƙofa na buɗe ta, jaka na rataye a kafaɗa, na karanta sau biyu kafin maganar ta shiga kaina: ban cancanci BTEA ba, wato tallafin da gwamnatin Ayilan ke ba masu karɓar kuɗin walwala idan sun koma makaranta, saboda kwas ɗin da na shiga yana ƙasa da matakin karatun da nake da shi. Ƙafafuna suka yi sanyi. Na riga na biya kuɗin rajista, na sayi kayan aiki, na shaida wa kowa a gida cewa na koma makaranta.

Digirin da ake magana a kai tun a Najeriya na yi shi, a fannin da bai taɓa samar mini aiki a ƙasar nan ba ko na kwana ɗaya. Shekaru na yi ina aikin shirya kaya a wani kamfani, har aka rage ma'aikata, na koma karɓar kuɗin masu neman aiki. Na duba na ga aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya kullum ana neman mutane, kuma kusan kowace sanarwa takardar mataki na 5 ta QQI, hukumar da ke ba da takardun shaidar karatu a Ayilan, take nema. Kwas ɗin shekara ɗaya ne, ana farawa a watan Satumba. Shekaruna sun wuce 21 nesa ba kusa ba, kuma wata 3 da ake so mutum ya yi yana karɓar tallafi kafin ya nemi BTEA a irin wannan kwas na ninka su. Wata 9 ma da ake nema ga masu shiga jami'a na cika. A lissafina babu abin da ya rage, sai na cike fam na miƙa, ban jira amsa ba na shiga aji.

Rashin jiran amsar nan shi ne kuskuren da har yau yake ci mini rai.

Tsarin takardun karatu na Ayilan matakai 10 ne. Digirin farko yana mataki na 7 ko na 8, digiri na biyu 9, na dokta 10. BTEA kuwa an gina shi ne a kan cewa mutum sama zai hau. Ni ina neman saukowa daga digiri zuwa mataki na 5, kuma tsarin bai damu da cewa digirin a Najeriya aka yi shi ba, bai damu da cewa ba ya ciyar da ni ba. Abin da ya ƙara mini takaici, ni da hannuna na taɓa zuwa shafin NARIC, ofishin da ke auna takardun karatun ƙasashen waje, na ciro takardar da ke nuna matakin da digirina ya yi daidai da shi a nan, ina murna, ina haɗa ta da takardun neman aiki. Ita ɗin na lissafa a fam da alfahari, ita kuma ta rufe mini ƙofa.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Kuɗin masu neman aiki sharaɗinsa shi ne kana nan a shirye ka karɓi cikakken aiki, kuma kana nema da gaske. Wanda yake aji daga safe zuwa yamma ba a ɗaukarsa a haka. Wato ranar da na zauna a aji ba tare da an amince mini da BTEA ba, ranar na fita daga sharaɗin kuɗin da nake karɓa. Aka tsayar da biyan, aka kuma ce na satuttukan da na karɓa ina ɗaliba sai na mayar. Ba ni ga tsuntsu, ba ni ga tarko, ga kuɗin haya na jira, ga yara biyu.

Na ce zan ɗaukaka ƙara. A nan na koyi wani sabon abu: BTEA ba ya cikin tallafin da ake kai wa ofishin ɗaukaka ƙara na harkokin walwala, iyaka ka roƙi a sake duba hukuncin. Na rubuta, na bayyana halina dalla-dalla, amsa ta dawo yadda take. Na leƙa wajen SUSI, hukumar da ke ba ɗalibai tallafin karatu, ko zan samu, na tarar su ma ƙa'idarsu ta ci gaba ce, mai digiri ba ya juyowa baya ya karɓa.

Wata Hajiya da ta riga ni zuwa ƙasar nan da shekaru, wadda take aikin kula da tsofaffi, na kira ina kuka. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya ce miki sai kin yi na cikakken lokaci? Mu da yamma muka yi namu, darasi ɗaya-ɗaya." Na ce, "Hajiya, ni ban san ana haka ba." Ta ce, "Ai ba ki tambaya ba."

Gaskiya ta faɗa. Takardar mataki na 5 darussa ne ake tarawa har su kai maki 120, galibi guda 8, kuma ba dole a yi su a shekara ɗaya ba. Akwai tsarin da ke barin mai neman aiki ya yi karatun wucin gadi yana ci gaba da karɓar kuɗinsa, muddin karatun bai hana shi neman aiki da karɓarsa ba, kuma ya sanar da ofishin walwala tun kafin ya fara. Akwai kuma Springboard, shirin gwamnati na kwasa-kwasan ƙara ƙwarewa don samun aiki, wanda aka fara a 2011, shi masu digiri ma suna shiga, sai dai kwasa-kwasansa daga mataki na 6 zuwa 9 suke, ban ga abin da nake nema a ciki ba. Duk wannan a rubuce yake a fili. Ni dai idona a kan wata 3 ɗin nan ya tsaya, na ga na cika, ban ƙara karanta layin da ke ƙasa ba.

Wata ƙawa ta ce da ban rubuta digirin a fam ba, wa zai sani? Wannan ban yi da-na-saninsa ba. Fam ne da mutum yake sa hannu cewa gaskiya ya faɗa, kuma na ɗanɗana yadda mayar da kuɗin sati uku kawai yake, balle na shekara guda. Abin da na yi nadama shi ne ban ɗauki takarduna duka, har da na Najeriya, na je na zauna gaban jami'i tun watan Yuni na ce ga kwas ɗin, ga matakinsa, ga abin da nake da shi, a rubuta mini amsa ba. Duk wanda ya tambaye ni yanzu abin da nake ce masa ke nan: kada ka biya ko sisi, kada ka taka aji, sai amsar tana hannunka a rubuce.

Na janye daga kwas ɗin a sati na huɗu, kuɗin rajista bai dawo ba. Na sake neman kuɗin masu neman aiki, aka dawo mini da shi ana cire bashin kaɗan-kaɗan. A watan Janairu na shiga ajin yamma, bayan na karɓi amincewar ofis a takarda, na ɗauki hotonta na ajiye a waya. Darussa biyu na fara gamawa, na dabarun kula da mutum da na kula da tsofaffi, da su na samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Saura darussa uku yanzu. Waɗanda muka fara tare a waccan Satumba sun karɓi takardunsu tuni, ni kuwa ranar Talata da Alhamis ina tashi daga aiki na wuce aji da rigar aikin a jikina.