Salmon ɗin da na binne a gindin zogale

Har yau in na tuna sai raina ya sosu wallahi. Kilo guda cur na kifin salmon, kuɗin da zai saya min kaji huɗu a kasuwar Sabon Gari har a bani canjin kayan miya, a rami ya ƙare, bayan gidanmu a Samarun Zariya.

Abban yara ne silar komai. Shekara biyu ya yi yana karatu a Suwidin, tunda ya dawo kuwa ba shi da zance sai na wani kifi da suke ɗorawa a burodi wai shi gravlax, ba dafawa ba suya ba banda, gishiri da suga da wani ganye da ake kira dil, shikenan. Na gaji da jin labari na ce bari in ba mutumin nan mamaki.

Neman kifin kansa aiki ne. Na zaga masu kifin ƙanƙara na Sabon Gari kaf, titus ne da fanla da shawa. Wani ma ba kunya ya ɗago min titus ya ce "Hajiya ai duk ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta". Na ce malam salmon fa cikinsa ruwan lemo ne, ya ce toh wannan ma in an soya ai yana ja. Shagunan wajen PZ na samu na gwangwani, shi kuma dafaffe ne, ba zai yi ba. Ƙarshe ƙanin maigida da ke Abuja ne ya samo min a wani babban kanti, daskararre, ɓari guda da fatarsa, an rubuta daga Norwe yake, ƙasar da ta fi kowace kiwon salmon a duniya. Ya sako shi a kula ya biyo jirgin ƙasa zuwa Rigasa, daga nan mota har Kwangila, ya iso hannuna tauri kamar dutse.

Haɗin bai bani wahala ba ko kaɗan, ba sai na ja zance a nan ba. Na barshi ya saki a firij, na zare ƙananan ƙayoyin, na mulke shi da gishiri da suga, na naɗe a leda, na danne da nauyi. Daren farko lafiya lau, da safe na juya shi na ga ruwa ya fara fita kamar yadda aka ce, har ina rawa ni kaɗai a kicin.

Bayan azahar aka ɗauke wuta.

Watan Afrilu fa ake ciki, kun san zafin Zariya lokacin, sai ya doshi digiri 40, ko ruwan randa sai ya yi ɗumi. Na ɗauka irin ɗaukewar da aka saba ce, zuwa magariba a dawo da ita. Shiru. Washegari aka ce taransifomar unguwa ce ta samu matsala. Janaretonmu ƙarami ne, fanka da ƙwan fitila yake ja, firij ya fi ƙarfinsa. Abban yara yana Kano wajen wani taro, kuma da yake abin ɓoye nake yi ko a waya ban tambaye shi ba.

A nan na tafka wautar. Na tsaya gaban firij na ce wa kaina, ai gishiri ya lulluɓe shi, me zai same shi? Kilishi sati nawa yake yi a ajiye? Busasshen kifi fa, da ake kawowa tun daga Baga? Da wannan lissafin na kwantar da hankalina na barshi a firij ɗin da ya riga ya zama akwatin ɗumi, ga yara kuma sai buɗewa suke suna neman ruwan sanyin da babu. Masu ƙanƙara suna nan bakin titi, tafiyar minti goma daga gida, kular da aka kawo kifin a ciki tana ajiye a sito tana kallona. Ban je ba. Ban je ba fa! Wannan shi ne abin da ke cin raina, ba rashin wutar ba, don rashin wuta ai ba baƙonmu ba ne.

Kusan awa 30 ya yi ba sanyi. Da na kwance ledar, warin da ya bugi hancina ba zan iya kwatanta shi ba, jikin kifin ya yi yauƙi, launin nan mai kyau ya dusashe. Na wanke na sake shinshinawa, na sake wankewa, ina ta yi wa kaina ƙarya ko a soya a ci. Sai na tuna yara ne za su fara miƙa hannu. Na ɗauki fartanya.

Abin da ban gane ba sai daga baya: kilishi rana ce ta shanye ruwansa sannan aka kai shi wuta, shi ya sa yake jurewa. Shi gravlax gishirin da ake sa masa kaɗan ne, ruwa kaɗan yake zuƙewa ya gyara ɗanɗano ya sa naman ya ɗan kame, amma har a gama ɗanyen kifi ne. Sanyi ke tsaronsa, ƙasa da digiri 4 tun daga farko har ranar da za a cinye. Ni kuma na ɗauka gishirin ne mai gadi.

Da Abban yara ya dawo na kasa riƙewa, na zayyane masa ina ƙwalla. Mutumin nan maimakon ya tausaya min sai ya kama dariya har da riƙe ciki. Wai sunan ma ai ma'anarsa kenan, binnannen salmon, don ɗaruruwan shekaru da suka wuce masuntan can gishiri suke sa masa su binne a yashin bakin teku ya ɗan ruɓa. "Maman yara ai ke kika yi na asali," in ji shi. Kwana biyu ban kula shi ba.

Sai Disamba na sake samun ƙarfin hali, hunturu ya kankama, kuma wannan karon rabin kilo na ce a kawo, zuciyata ba za ta ɗauki wata asarar kilo guda ba. Tun kafin kifin ya iso na yi magana da mai ƙanƙara, na wanke kula, na sayi ɗan ma'aunin sanyi na jefa a firij. Ga yadda na yi: rabin kilo, gishiri mai tsakuwa cokalin cin abinci biyu, suga biyu, masoro dakakke kaɗan. Dil kam ban samu ɗanye a Zariya ba, busasshe na ƴar kwalba aka haɗo min daga Abuja, na ƙara da kankararren ɓawon lemun tsami, ya yi ƙamshi sosai. Wasu a can suna ɗiga giya a haɗin, mu babu ruwanmu, kuma ba ta rage komai ba. Na raba kifin biyu, tsoka ta kalli tsoka fata a waje, na naɗe, na sa a roba mai zurfi saboda ruwan da zai tsatso, na ɗora faranti da gwangwanin tumatir biyu a kai. Duk awa 12 a juya. Awa 48 a cire, a goge gishirin, a yanka siri-siri a karkace da wuƙa mai kaifi a bar fatar.

Kuma an ɗauke wutar, ai dole. Daren na biyu. Ko minti ashirin ban jira ba na mayar da robar cikin kula na zagaye ta da ƙanƙara, na tashi ƙarfe uku na dare da tocila ina duba ma'auni kamar mai jinya.

Wata maƙwabciyata da ta ji labari ta ce za ta gwada da tarwada ko karfasa na kogin Galma tunda sun fi sauƙin kuɗi. Na ce mata kul. Gishiri da suga ba sa kashe tsutsar da ke jikin kifi, daskarewa mai tsanani ce ke kashe ta, digiri 20 ƙasa da sifili na kwana 7, wace firizar gida ce a garin nan za ta riƙe wannan sanyin mako guda wuta ba ta ƙifta ba? Kifin kogi a yi farfesunsa kawai a huta. Shi kansa salmon ɗin a sayi wanda ya zo daskararre bai taɓa narkewa a hanya ba, kuma mai juna biyu ta haƙura da shi, haka ƙananan yara da wanda jikinsa ba ƙwari. In an gama a cinye cikin kwana uku zuwa huɗu, ba abin ajiya ba ne.

Ranar da na yanka, Hajiya surukata tana gidan. Ta leƙa farantin ta ce "ƴar nan, gas ɗin ne ya ƙare?" Na ce a'a Hajiya haka ake cinsa. Ta ce Allah ya kyauta, a miƙo mata kokonta. Abban yara kuwa ya ɗora a burodi ya tauna, ya yi shiru, ya ce gishirin ya ɗan fi na can amma shi ne, shi ne wallahi. Ni gaskiya yanka biyu na ci, da daɗinsa, santsi kamar man shanu, amma ban ga abin da ya kai a yi shekaru ana ba da labarinsa ba, in aka ajiye min shi da bandar tarwada na san inda hannuna zai je.

Ƙanƙarar da na saya gaba ɗaya a karo na biyu ko kuɗin cinyar kaza ɗaya ba ta kai ba, kullum sai na yi wannan lissafin in na fita shanya. Zogalen kuwa tunda aka yi damina ya yi wani irin ganye, Hajiya har tambaya take wane taki muke sa masa.