Sabon Furosesa a Tsohon Allo: Yadda Na Gyara BIOS ɗin Ƙaramar Kwamfutata

Akwai wata ƙaramar kwamfutar tebur da na daɗe ina aiki da ita, irin waɗanda girmansu bai wuce lita ɗaya ba, waɗanda ake iya maƙalawa a bayan allon kallo a manta da su. Furosesan da ta zo da shi, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi, Core i5-6500T ne, mai cibiya huɗu (sassa huɗu masu aiki a lokaci guda), daga zubin Skylake da Intel ya fitar a 2015. Ba ta taɓa ba ni matsala ba, sai dai da Windows 11 ta fito a 2021 aka ce sai furosesan ƙarni na takwas zuwa sama za ta karɓa, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe, kuma aka sa ranar 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar janye tallafi daga Windows 10. Raina bai kwanta da a jingine na'ura mai ƙoshin lafiya saboda wannan ba, shi ya sa na shiga binciken ko za ta iya ɗaukar furosesa mafi sabunta.

Abin da ya sa tambayar take da ma'ana shi ne mazaunin furosesa. Skylake (ƙarni na shida), da Kaby Lake (na bakwai) da ya biyo shi a farkon 2017, da Coffee Lake (na takwas) da ya fito a Oktoban 2017, duka suna zama ne a soket mai fil 1151, kuma idan aka ɗora na ƙarni na takwas a babban allon kwamfuta (motherboard) na ƙarni na shida zai shige daram kamar don shi aka ƙera wurin. Amma da an danna maɓallin kunnawa, shiru za a ji. A hukumance Coffee Lake yana buƙatar cifset, wato cif ɗin da ke haɗa furosesa da sauran sassan allon, na jerin 300, kuma dalilin da aka bayar ba ƙage ba ne: an ɗauki wasu fil da a da ba su da aiki aka mayar da su masu kai wuta, domin furosesa mai cibiya shida ya fi mai huɗu jan lantarki. Sai dai masu haƙurin bincike sun nuna cewa babban shingen yana cikin manhajar tushe ta allon, wato BIOS, kuma ita ana iya buɗe ta a gyara. Wannan ba sabon abu ba ne a wurin masu wannan sha'awa, domin tun zamanin soket 775 ake ɗora furosesan Xeon, na manyan kwamfutoci, da aka yi don soket 771, da ɗan siririn manne da ɗan gyara a BIOS.

Manhajar tana zaune ne a wani ɗan cif mai ƙafa takwas a kan allon, sau da yawa mai ɗaukar megabait 16, kuma an kasa shi gida-gida: akwai sashen da ke bayyana iyakokin sauran, akwai na Management Engine, wani ƙaramin tsarin Intel da ke sa ido a kan na'urar, akwai na katin sadarwa, sannan na BIOS kanta. Gyaran yana taɓa wurare uku a ƙalla. Na farko shi ne maikurokod, wato ƙananan umarnin da BIOS take loda wa furosesa da zarar ya farka, wanda ake zaɓa bisa lambar shaidarsa. Skylake yana amsa lamba 506E3, Kaby Lake 906E9, Coffee Lake mai cibiya huɗu 906EB, mai shida kuwa 906EA, kuma idan BIOS ba ta tarar da wanda ya dace ba, nan tafiyar take tsayawa. Wurin ajiye su ƙunci ne, har yakan zama dole a cire wani tsoho kafin sabo ya samu gurbi, sannan a gyara teburin da ke nuna adireshin kowannensu. Na biyu shi ne Management Engine, wanda a sababbin zubinsa yake ƙin barin baƙon furosesa ya tashi, don haka ake mayar da shi wani tsohon zubi ko a kashe shi. Na uku shi ne direbobin hoto da ke cikin BIOS, VBIOS da GOP, waɗanda idan ba a sabunta su ba kwamfutar za ta iya tashi amma allon kallo ya zauna baƙi ƙirin. A ƙaramar kwamfuta wannan na ukun ba abin sakaci ba ne, domin yawancinsu ba su da gurbin katin hoto na daban da za a fake da shi. Akwai manhajoji irin su UEFITool na leƙa cikin fayil ɗin, da CoffeeTime da ke haɗa yawancin waɗannan gyare-gyare wuri ɗaya.

Kafin a kai ga wannan duka, akwai tambayar da ya kamata a fara amsawa, wato ko an kunna Boot Guard a allon. Wannan tsari ne da ke ƙona shaidar makullin kamfanin da ya ƙera na'urar a cikin cifset ta yadda ba ta gogewa, sannan a kowace kunnawa a duba ko sashen farko na BIOS yana ɗauke da sa hannun da ya dace. Inda aka kunna shi da tsanani, taɓa sashen da yake karewa yana nufin na'urar ba za ta tashi ba, komai ƙwarewar mai gyara. Kwamfutocin ofis sun fi allunan da ake saya a haɗa da kai yawan zuwa da shi, don haka samfuri biyu masu kama da juna za su iya bambanta ƙwarai a wannan fanni. Tawa ta kuɓuta daga wannan kulle, shi ya ba ni damar ci gaba.

Inda na fi ɓata lokaci, kuma inda nake ganin ya cancanci a ɓata shi, shi ne karanta abin da ke cikin cif ɗin tun ba a taɓa komai ba. Manhajar sabunta BIOS ta hukuma ba ta karɓar fayil ɗin da aka gyara, saboda haka sai an bi ta waje da wata 'yar na'urar karantawa da rubuta cif mai suna CH341A da kilif mai kama ƙafafun cif. Na zare wayar wuta, na cire ƙaramin batirin allon, na daidaita jar wayar kilif da ɗigon da ke nuna ƙafa ta farko, na karanta. Fayil ɗin farko ya fito cike da FF daga sama har ƙasa, alamar kilif ɗin bai kama ba. Na gyara masa zama na sake karantawa sau biyu, sai na tarar fayilolin biyu sun saɓa wa juna a wasu wurare, ashe ƙafa ɗaya ce take taɓawa tana saki. Da a ce na amince da karatu ɗaya na goge cif ɗin, da na rasa abin da babu inda zan same shi, domin a ciki ne lambar silsilar na'urar take, da adireshin katin sadarwarta, da makullin lasisin Windows. Sai da karatu uku a jere suka zo daidai da juna har zuwa bait na ƙarshe sannan na yarda. Haka kuma ya kamata a auna wutar na'urar karatun da mita, saboda wasu zubinta suna tura bolt 5 a layukan bayanai alhali cif ɗin na bolt 3.3 ne.

Na fara gwaji da Core i3-8100T da gangan. Furosesan i3 masu lamba 906EB kusan Kaby Lake ne da aka sauya wa suna, don haka ba sa buƙatar a taɓa fil ko ɗaya, kuma idan ba su tashi ba an san laifin yana cikin fayil ɗin da aka rubuta. Kunnawar farko ta ɗauki lokaci, fanka ta juya ta tsaya ta sake juyawa yayin da allon yake gwada ma'adanar aiki (RAM), sannan tambarin farko ya bayyana. Bayan kwanaki na koma kan i5-8500T mai cibiya shida, wanda shi ya buƙaci aikin hannu: rufe wasu ɗigogin zinare a ƙasan furosesan da ɗan yankin salatif mai jure zafi, domin kada wutar da aka ƙara musu ta haɗu da layin da tsohon allon ya tanada don wani abu daban. A wasu allunan kuma sai an haɗa ɗigo biyu kafin allon ya gane cewa akwai furosesa a soket. Kuskure a nan yana iya ƙona fil, shi ya sa na yi aikin a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, na kuma duba sau da yawa kafin na rufe murfin soket.

A nan ne na tsaya, duk da na san akwai masu ɗora furosesa mai cibiya takwas a irin waɗannan na'urori. Gyaran BIOS yana sa allon ya gane furosesa, amma ba ya ƙara wa sashen daidaita wutar allon ƙarfi, ba ya faɗaɗa ƙarfen sanyaya, ba ya kuma canza cajar da aka ƙera wa na'urar da aka tsara don furosesan wat 35. Idan aka ɗora wanda ya fi ƙarfinta, ko dai ya riƙa rage gudunsa da kansa har ribar ta tafi a banza, ko kuma ƙananan sassan da ke kewaye da soket su riƙa gasuwa a ɓoye har wata rana su gaza. A ganina furosesa mai harafin T a ƙarshen sunansa shi ne iyakar da ta dace da akwati mai lita ɗaya.

Akwai kuma farashin da ba a cika ambata ba. Daga ranar da aka rubuta gyararriyar BIOS, sabuntawar hukuma ta zama haɗari, domin za ta shafe gyaran ta bar na'urar da furosesan da ba ta sani ba, don haka na kashe hanyar da ake turo ta kai tsaye, kuma duk wani gyaran tsaro da ya fito sai na ɗauko shi na haɗa da hannu. Wannan ya sa ba zan yi wa kwamfutar wani wannan aiki in miƙa masa ba tare da bayani ba. Fayil ɗin asali yana ajiye a wurare biyu daban, tsohon i5-6500T kuma yana cikin aljihun tebur a naɗe cikin jakarsa, tare da kilif ɗin.