Daga makiyayar Huffman zuwa inuwar Bockscar

Tun da asuba muka bar birnin Columbus na jihar Ohio a Amurka, ƙanena ke tuƙi, ni kuma ina ta ba shi labarin Henry Arnold, janar ɗin sojan saman Amurka, mutumin da ya sa na dage sai mun je Dayton. Sa'a ɗaya da 'yan mintuna muka yi a hanya, gonaki dama da hagu.

Ya so mu fara da gidan tarihin sojan sama na Amurka, na ce a'a, sai mun taka filin Huffman tukuna. Makiyayar shanu ce a da, yanzu ma ciyawa ce kawai da iska, sai wata rumfar katako ta ajiye jirgi da aka sake ginawa irin ta 1905. A nan 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, magabatan ƙera jirgin sama, suka buɗe makarantar koyon tuƙin jirgi, a nan kuma Arnold ya iso a 1911. Sojan ƙasa ne, ya gama makarantar horar da hafsoshi ta West Point a 1907, ya yi aiki a Filifin. Bai cika awa huɗu a sama tare da malami ba aka sakar masa jirgin katako da yadi shi kaɗai.

"Yaya, wai nan ne wurin gaba ɗaya?" in ji ƙanena.

Nan ne. Na daɗe a tsaye, domin abin da ya fi taɓa ni a tarihinsa tsoro ne. A Nuwamban 1912, shekarar da ya ci kofin Mackay na farko, wanda ake bayarwa don bajintar tuƙin jirgin soja, jirginsa ya kusa rikitowa da shi a sansanin soja na Fort Riley. Ya sauka lafiya, amma zuciyarsa ta karaya, ya ajiye tuƙi kusan shekara huɗu. Sai a 1916 ya koma. Wannan komawar ta fi mini duk wata lamba da aka maƙala masa a ƙirji, kuma lambobin suna da yawa. A 1934 ya jagoranci jirage goma samfurin B-10 daga Washinton zuwa Alaska suka dawo, ya sake cin kofin Mackay, daga baya aka ba shi lambar Distinguished Flying Cross. A 1938 ya zama shugaban sashen sama na rundunar ƙasa, a Disamban 1944 ya sami anini biyar, a 1949 kuma aka mai da shi janar mai anini biyar na rundunar sama, wadda ta ci gashin kanta tun 1947. Har yau babu wanda ya riƙe wannan muƙami a runduna biyu a Amurka sai shi.

Bayan azahar muka shiga gidan tarihin, shiga kyauta ne. Muka wuce jirage birjik har muka tsaya ƙarƙashin Bockscar, jirgin B-29 da ya jefa bam ɗin nukiliya a Nagasaki ranar 9 ga Agusta, 1945. Rundunar da ke da waɗannan jirage tana ƙarƙashin Arnold kai tsaye lokacin da suka ƙona Tokyo a watan Maris na shekarar, aka rasa fiye da mutum 80,000 a dare ɗaya. Jikina ya yi sanyi. Shekara 34 kacal ke tsakanin ciyawar da na taka da safe da wannan ƙarfe mai sheƙi, kuma duka a rayuwar aikin mutum ɗaya, wanda ciwon zuciya ya kayar sau huɗu cikin yaƙin, ya mutu a Janairun 1950.

Ƙanena ya ɗaga waya zai ɗauke ni hoto a gaban jirgin, na ce ya bari.