Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Matata ta Fashe

Makon jiya na tsaya a inda Alhaji ya tafi Yamai ya bar mini makullan gida da kula da kwamin wankan nan da muke kira fisin. To, kwana tara da tafiyarsa, da asuba na buɗe ɗakin inji na taras da ruwa har idon sawu. Tukunyar yashi da ke tace ruwan kwamin ta tsage daga wuya zuwa ciki.

Na kira shi, layi yana ta yankewa. Na ce, "Ranka ya daɗe, matata ta fashe." Ya ɗauki salati, ya ce maza in kai ta asibiti, zai aiko da kuɗi. Sai da na maimaita sau uku kafin ya gane matatar ruwa nake nufi, ba uwar 'ya'yana ba. Har yau in mun gaisa sai ya tambaye ni ya mai jiki.

Abin da ban gaya masa ba shi ne laifina ne. An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, da yamma ina tsakar aiki, na rufe bawul ɗin da ke mayar da ruwa cikin kwami, na tafi masallaci na bar makunnin inji a kunne. Cikin dare wuta ta dawo, injin ya yi ta tura ruwa cikin tukunya ba mafita. Ita kuwa ta tsufa, shekararta goma sha ɗaya.

Alhaji ya ce in nemo sabuwa kafin yara su dawo hutu. Nan rigima ta fara, don kowa a gidan ya zama gwani.

Babban ɗansa da ke karatu ya turo mini saƙo cewa a sayi matatar da ke tacewa da wani farin gari, wadda ke tare datti har ƙasa da maikiron 5. Na ce, "Yallaɓai ƙarami, garin nan duk wanki sai an zuba sabo. In ya ƙare, a Kasuwar Dole za mu same shi?" Bai sake magana ba. Wani ɗan kasuwa a Kano kuma ya dame ni da hotuna a WhatsApp, shi mai katirij yake so ya sayar mini, wato wadda ke da naɗaɗɗen ƙyalle a ciki kamar matatar iskar mota. Ita tana kama ƙura daga maikiron 10 zuwa 20, yashi kuwa 20 zuwa 40 ne iyakarsa. Kaurin gashin kan mutum wajen maikiron 70 ne, don ku gane ƙanƙantar abin da ake magana a kai.

Gaskiya zuciyata ta karkata ga katirij, kuma ba don tsabtar ruwa ba. Tukunyar yashi ba ta wankuwa sai an juya ruwa ya bi ta baya ya kwashe dattin ya fita kwata. Duk wanki ɗaya a gidan Alhaji wajen lita 300 ne ke tafiya, bidon 12 ke nan masu lita 25. Wanda ya san Damagaram ya san ma'anar wannan. Gari ne a kan dutse, ruwanmu daga nesa ake turo shi, Gogo-Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma in zafi ya kama a watan Afrilu famfon unguwarmu sai ya kwana biyu bai ɗiga ba. Na sha barin maiɗakina a layin 'yan ga-ruwa da sassafe, in zo nan in murɗa hannu ɗaya in zubar da abin da zai ishe mu kwana uku. Abin yana ci mini rai. Katirij kuwa cire shi kawai ake yi a fesa masa ruwa kaɗan da tiyo.

Sai na je wurin Baba, tsohon nan ɗan Togo da ya koya mini aikin, na same shi a Sabon Gari yana shan shayi. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Yaro, ka manta hunturu?"

Ban manta ba, amma ban sa shi a lissafi ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana sauka kan ruwan nan kamar an barbaɗa gari. Baba ya ce ƙyallen zai riƙa toshewa kowane 'yan kwanaki, kuma yawan wanki ke kashe shi. In ya yage, sabo sai Kano ko Yamai, kuma sai an dace da daidai girmansa. Yashi kuwa yakan kai shekara biyar kafin a canza. Ya ja mini kunne kada in yi wayon ɗibar rairayin ƙorama in zuba: na tacewa tankaɗaɗɗe ne, ƙwayarsa tsakanin milimita 0.4 da 0.8. Mai laushi ya wuce ya koma cikin kwami, mai tsakuwa ya bar datti ya bi.

Sannan ya sa na yi lissafi a ƙasa da tsinke. Kwamin Alhaji mita 8 ne a tsawo, 4 a faɗi, zurfi ɗaya da rabi in an daidaita: ruwa mita kubik 48 ke nan. Injinmu yana tura kubik 10 a awa, wato cikin awa biyar duk ruwan ya zaga. Tsohuwar tukunyar mai faɗin milimita 500 ce, ƙarfinta bai wuce kubik 10 ba, kullum a maƙure take aiki. Baba ya ce in ɗauki mai 600, wadda ke ɗaukar 14. Tukunya ta fi ƙarfin inji ba komai, inji ya fi ƙarfin tukunya shi ne masifa. Babba tana daɗewa ba ta toshe ba. Kuma in daina wanki don Juma'a ta zagayo: in duba agogon matsi, in rubuta inda allura ta tsaya ranar da yashi ke sabo, kada in taɓa sai ta hau da rabin bar, ma'aunin matsin da ke jikin agogon.

Zancen ruwan da ake zubarwa kuwa, ni na samo dabararsa a hanya ina kan kabu-kabu. Na roƙi Alhaji a gina ƙaramin kwami a bayan gida, ruwan wanki ya kwana biyu a rana har kulorin ya fice, datti ya kwanta, a ba itatuwan lemo da darbejiya. Ya ce, "Kai dai ba ka son asara." Na ce, "Allah ya ja zamaninka, asarar ruwa ce ba na so."

Ranar Talata aka sauke tukunyar a tasha, ta biyo ta Daura da Matamaye, da buhu shida na yashi. Na haɗa bututu, na zuba ruwa har rabi kafin yashi don kada nauyinsa ya karya 'yan yatsun robar da ke gindi, na wanke sabon yashin, na kunna. Kafin magariba ana ganin tayil ɗin ƙasa.

Ina naɗe tiyo sai maigadi ya matso, ya rage murya ya ce, "Malam, daren da abin nan ya fashe ni na fara shiga ɗakin. Na ga bawul a rufe." Ya ce Alhaji zai sauka jibi, kuma shi bai iya ƙarya ba in an tambaye shi.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.