Wasiƙa daga Jamus: yadda suke musayar ɗaliban sakandare da Faransa

Zuwa ga iyaye da malaman gida, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna so mu ba ku labarin wata hanyar koyar da harshe da ta daɗe a nan. Jamus da Faransa sun gwabza yaƙi ba sau ɗaya ba. Da shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Adenauer da shugaban Faransa de Gaulle suka sa hannu kan yarjejeniyar ƙawance ta Elysee a 1963, sai aka kafa ofishin matasa na ƙasashen biyu, wanda Faransawa ke kira OFAJ. Yana tallafa wa tsari biyu na 'yan sakandare: Brigitte Sauzay, wata uku a kowane ɓangare, da Voltaire, wata shida-shida. A Voltaire ɗan Faransa ne ke fara zuwa Jamus daga Maris zuwa Agusta, sannan ya koma gida da abokinsa daga Satumba zuwa Fabrairu.

Tsarin ba-ni-in-ba-ka ne. Ba a biyan mai masauki ko sisi: ka ciyar da ɗan wani, shi ma ya ciyar da naka. Ofishin yana dai taimakawa da kuɗin hanya. Iyaye suna cika takarda su bayyana ko akwai ɗaki na daban, ko ana shan taba a gidan, ko akwai kare ko kyanwa, da abincin da yaron ba ya ci. Nan Musulmi zai rubuta ƙarara cewa ba ya cin naman alade, domin tsiran alade abincin yau da kullum ne a Jamus, kuma kunyar faɗa ba ta hana a zuba masa. Sai katin inshorar lafiya, da inshorar ɓarna ko da yaro ya fasa wani abu, da takardar izinin fita da Faransa ke nema daga iyayen duk wanda bai kai shekara 18 ba. Kowace makaranta kuma tana ware malami ɗaya mai sa ido a kan baƙon.

Ƙananan abubuwa su suka fi rikita yara. Makarantun Jamus da yawa suna tashi da azahar, ɗan Faransa da ya saba zama aji har wajen ƙarfe 5 sai ya rasa yadda zai yi da yammacinsa, ya shige ɗaki ya rungumi waya. Da dare a ajiye masa burodi da cuku masu sanyi, ya yi ta jiran tukunya, ashe abincin ke nan. Maki ma a juye yake: a Jamus 1 ne mafi kyau, 6 faɗuwa, a Faransa kuwa bisa 20 ake bayarwa.

Amma babbar matsalar Ingilishi ce. Yaran biyu duk sun taɓa shi, don haka da magana ta cije sai su zame can, wata uku ya wuce ba Jamusanci ba Faransanci. Maganinta a gida yake. A yi doka tun ranar farko cewa harshen masu gida kaɗai ake yi wajen cin abinci. A aiki yaron shago ya sayo burodi shi kaɗai, a sa shi ƙungiyar ƙwallo inda ba mai fassara masa. Kiran gida kullum ma yana ƙara kewa, sau ɗaya a mako ya isa. Kuma kada a tilasta wa yaran biyu zama aminai. In zaman ya ƙi daɗi bayan malamai sun yi sulhu, sauya gida ba abin kunya ba ne.

Mun san za ku ce ga Katsina ga Maraɗi, ɗaya na neman Faransanci ɗaya na neman Ingilishi, kuma tafiyar ba ta kai rabin yini ba. Haka ne, kuma ya fi sauƙi a kan a kwashi yaro har cibiyar koyon Faransanci ta Badagry a jihar Legas. Sai dai tsakanin Katsina da Maraɗi Hausa ce za ta yi abin da Ingilishi ke yi a nan, har ma fiye, tunda da ita ake ci ake sha a gidajen biyu. Duk makarantar da za ta gwada, ta nemi gidan da wani babba ke jin harshen sosai, kuma ya yarda ya riƙa yin sa da baƙon ko da awa biyu ne a rana.

Wassalam,
'Yan'uwanku malaman harshe mazauna Jamus