Laraba, Agege

Ruwa tun asuba, ga babu wuta. Ban buɗe shago ba sai da hantsi ya yi. Ciniki alhamdu lillahi. Maman yara ta warke daga murar.

Auta ya zo daga Mile 12 da azahar, bai ko taɓa abincin da aka ajiye masa ba. Hannunsa na rawa har ya kasa riƙe kofin ruwa. Ya ce, "Yaya, na gaji. Kullum sai na rantse na bari, magariba na yi sai in ga kaina a bakin tasha." Kun san irin giyar ledar nan da ake jerawa a faranti kusa da goro da alewa, kuɗinta bai kai na ƙosai ba. Can ladar dakonsa ke ƙarewa. Wannan ne karon farko da maganar ta fito daga bakinsa ba tare da wani ya tsare shi ba, shi ya sa na rufe shagon na zauna da waya ina bincike.

Na samu ƙungiyar nan ta Alcoholics Anonymous, wadda ake ce wa AA. Wasu mashaya biyu ne suka fara ta a Amurka a 1935, ɗaya dillalin hannun jari, ɗaya likita, bayan sun lura cewa in suka zauna suka faɗa wa juna gaskiya sukan iya wuce ranar ba su sha ba. Har yau haka tsarin yake. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a tambayar sunan mahaifi, abin da aka faɗa a ɗaki a nan yake tsayawa. Sharaɗin kawai mutum ya kasance yana son bari. Akwai zaman da ɗan'uwa zai iya raka mutum, akwai wanda sai masu matsalar kaɗai. Na kira lambarsu, wanda ya amsa wayar ya yi min magana da mutunci ƙwarai, ya ce shi ma ta nan ya biyo. Sai dai zamansu yana can tsallaken gada, a wani ɗakin taro cikin harabar coci, kuma da Turanci. Akwai na intanet ta Zoom, shi ma Turanci. Na Hausa ban samu ba.

Bayan la'asar na je wurin Kawu na zayyana masa. Kafin in kai ƙarshe ya ɗaga min hannu.

"Coci? Ɗan ƙanwata? Kai ma ka san bakin mutanenmu. Gobe labari ya kai gida."

Na ce, "Kawu, aron ɗakin kawai suka yi, ba ibada ake yi ba. Kowa da addininsa yake shiga, da shi yake fita."

Ya ce, "A kai shi wurin Malam a yi masa rubutu, ya riƙe salla. Mu ba mu san wani zama a da'ira ana tona asirin kai ba. Abin da Allah Ya rufe, a bar shi a rufe."

Ban mayar masa ba, ba a yi min tarbiyyar haka ba. Amma maganar ta tsaya min a wuya har yanzu. Rubutu an yi, addu'a kullum ana yi, kuma ba za mu daina ba. Abin da Auta ya rasa shi ne mutum ɗaya da zai ce masa "ni ma na sha, na san yadda magariba take, ga abin da na yi". A cikinmu wa zai faɗi haka? Giya haram ce, kowa ya sani, shi ya sa wanda ya faɗa ciki ba shi da wurin buɗe baki. Daga Agege zuwa Idi-Araba zuwa Alaba Rago, yaran da suka baro gida neman na kansu, babu uwa kusa, babu mai tambayar inda suka kwana, wasunsu suna sha a ɓoye, mu kuma muna kawar da kai. Muna kiran wannan rufin asiri, alhali yaro yana ƙarewa a gabanmu. Na san Kawu ƙauna ce ta sa shi, shi ya riƙe Auta lokacin da ya fara zuwa Legas. Duk da haka a wannan ban yarda da shi ba.

Wani abu da mutumin wayar ya nanata: wanda ya daɗe yana sha sosai har hannu na rawa, kada ya yanke farat ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Jiki na iya birkicewa cikin kwana biyu zuwa uku, jijjiga, gane-gane, har a rasa rai. Likita tukuna, sannan zaman. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen masu shaye-shaye. Da na ambaci Yaba, Auta ya zaro ido, "Yaya, ni mahaukaci ne?" Na ce ba kowa ke zuwa can don hauka ba, kuma tare za mu je. Ya yi shiru, amma bai ce a'a ba.

Yana kwance a falo yanzu, na hana shi komawa yau. Turancinsa na kasuwa ne, zai ji rabi ya rasa rabi, don haka zan nemi zaman da ake barin ɗan'uwa ya shiga in zauna kusa da shi.

Jibi bayan Juma'a zan koma wurin Kawu. Ko bai yarda da zaman ba, ina so ya kira Auta da bakinsa ya ce masa bai fita daga cikin 'ya'yansa ba.